Hannun Hagun Mai-sauro

Shekara ashirin da uku Mai-sauro ya yi yana aiki a ɗaki guda, can ƙarshen barandar ƙasa ta cibiyar binciken cututtuka, bayan ɗakin wankin kwalabe. Ɗakin ba shi da taga. Ƙofa biyu ake wucewa kafin a shiga, kuma ba a buɗe ta biyu sai an rufe ta farko. Rani da damina ciki yana nan da ɗumi da laima, kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. A bango ɗaya akwai kantoci uku jere da farantan roba, kowanne da ruwa ɗan kaɗan, tsutsotsin sauro suna wutsil-wutsil a ciki. A ɗaya bangon kejin raga ne goma sha biyu, manyan sauro sun lafe a jikinsu.

Aikin bai cika canjawa ba. Da safe ya duba ma'aunin zafi ya rubuta a littafi. Ya barbaɗa wa tsutsotsi garin abincin kifi, gwargwadon abin da kan ashana zai ɗauka, domin in ya yi yawa ruwan ruɓewa yake yi su mutu. Ya tsince waɗanda suka kusa yin fiffike ɗaya bayan ɗaya da 'yar robar tsotso, ya zuba a kofi, ya saka a keji. Ya canja audugar da aka jiƙa da ruwan sukari. Namijin sauro ruwan sukari ya ishe shi har ya mutu, amma tamata ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Saboda haka duk Litinin da Alhamis, da ƙarfe tara na safe, Mai-sauro yakan naɗe hannun rigarsa na hagu, ya kashe fitila, ya zura hannun cikin keji, ya zauna a kujerar ƙarfe minti goma sha biyar. Keji huɗu ne na masu ƙwai, awa guda ke nan.

Ba karatu ne ya kai shi wurin ba. Yankan ciyawa aka ɗauke shi yi, yana ɗan shekara talatin da biyar, da mata da yara uku. Wata rana mai ciyar da sauron na lokacin ya wayi gari hannunsa ya kumbura har ba ya shiga riga. Tsohon Farfesa, wanda shi ya kafa ɗakin, ya fito baranda ya kira leburori uku ya ce wa zai gwada. Aka auna jininsu aka ga ba cuta, aka bayyana musu cewa sauron nan a ɗaki aka haife su, ba su ɗauke da komai. Su ukun suka zura hannu a keji ɗaya. Sauron suka tsallake hannu biyu suka taru a na uku, baƙi ƙirin.

"To, sun zaɓa da kansu," in ji Farfesa. "Gobe ka ajiye adda."

Da ya koma gida, matarsa tana zaune tana duba littattafan yara. Malamar firamare ce, ajin 'yan aji uku take riƙe da shi, shi ma Malama yake ce mata. Ta ɗago ta ga hannun.

"Maigida, wa ya doke ka?"

"Ba kowa. Ƙarin girma aka yi mini."

"Ƙarin girman ne ya kumbura haka?"

Ta yi dariya har jan bironta ya faɗi, sannan ta tashi ta jiƙa tsumma da ruwan sanyi ta ɗaure masa. Ya gaya mata dokokin aikin: ba turare, ba man shafawa, ba taba, ba sabulu mai ƙamshi, domin sauro ba sa sauka a fatar da ke ƙamshi. Tun daga ranar banɗakinsu ya zama mai sabulu biyu. Nata kore ne mai ƙamshin lemon tsami, a kan dakalin taga. Nasa fari ne mara ƙamshin komai, a cikin gwangwanin da aka yanke.

"Ni dai ban taɓa ganin mijin da ƙwari ke zaɓa wa sabulu ba," takan ce in ta sayo masa.

In sauro ya shigo ɗakinsu ta tafa hannu ta kashe, sai ta nuna masa. "Ga ɗanka nan, ka yi haƙuri."

"Wannan ba nawa ba ne. Ɗan titi ne. Nawa masu tarbiyya ne."

Bayan shekara guda hannun ya daina kumbura. Bayan biyu ya daina ƙaiƙayi. Fatar daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ta yi duhu, ta yi kauri. Sauro ɗari biyu za su sauka a kai, shi kuwa abin da yake ji bai wuce kamar wani yana hura masa iska da baki ba.

Yara suka girma. Mazan biyu aiki ya kai su nesa, sai waya. Auta, mace, ta yi aure a unguwar da ke bayan tashar mota. Farfesa ya yi ritaya, wasu suka zo suka tafi. A shekara ta goma sha takwas aka kawo wata mace ta riƙe sashen, gajeriya mai saurin tafiya, kowa Dakta yake ce mata. Ita ce ta fara zama da shi ta yi masa bayanin abin da ake yi da sauronsa.

"Baba, ka san gidan sauron da ake rabawa mai magani?"

"Muna da shi."

"Sauron waje sun saba da maganin. Suna sauka a kai, su huta, su tashi. Naka kuwa tun kakannin kakanninsu ba su taɓa haɗuwa da guba ba, da sun taɓa sai su faɗi. Su ne ma'auninmu. In ba naka, ba mu san inda muke ba."

Ta ce akwai masana zare da roba a ginin da ke tsallaken fili, suna ƙera wani sabon zare wanda maganin ke cikin jikinsa, ba a bayansa aka shafa ba, yana fitowa kaɗan-kaɗan, wanki ba ya cire shi. Duk wata za su aiko da ƙyallaye masu lamba. Aikin sashenta shi ne ta gano wanne ne ke kashe sauron waje, kuma ya ci gaba da kashewa bayan wanki ashirin.

Aikin Mai-sauro ya ƙaru. Shi ke wanke ƙyallayen a cikin kwalba, ya girgiza minti goma, ya ɗauraye, ya shanya, gobe ya sake. Shi ke zuƙo sauro biyar-biyar da dogon bututu mai raga a tsakiya, ya hura su cikin ɗan mazurarin roba da aka kifa a kan ƙyalle. Minti uku cif, ya mayar da su kofi. Washegari a ƙirga matattu. Ƙyalle na ɗaya bai yi ba. Na tara ya yi kisa da kyau, amma a wanki na shida ya zama zane kawai. Haka aka yi ta tafiya, shekara biyu da wani abu.

A cikin wannan tsakanin ne Malama ta fara gajiya. Da farko ta ce yaran bana ne suka fi na bara surutu. Daga baya ta riƙa zama a kujera tana koyarwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata rana ta faɗi a gaban allo. A asibiti likita ya buɗe tafin hannunta ya ga fari fat, ya ja fatar idonta ya duba, ya rubuta gwaje-gwaje. Bayan mako biyu ya zaunar da su ya ce ɓargon ƙashinta ya daina yin jini. Sai dai a riƙa ƙara mata, a ga abin da magani zai yi.

Mai-sauro ya tafi ɗakin ɗibar jini kai tsaye. Ya zauna, ya naɗe hannun hagu, don shi hannun ya saba. Ma'aikacin wurin ya tsaya yana kallon fatar.

"Baba, ƙuna ce wannan?"

"Aiki ne."

"Kawo na dama."

Ya ɗiga jinin a kan farin tangaran, ya ɗiga wasu ruwaye masu launi, ya jujjuya. Bai ɗau minti biyar ba.

"Naka bai dace da nata ba, Baba. Sai a nemo wani."

A baranda yayarsa tana jira, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, mace mai faɗin abin da ke ranta ko a gaban wa. Da ta ji, ta tafa hannu.

"Ikon Allah. Shekara ashirin kana ɗura wa ƙwari jini, yau ga matarka a kwance an ce naka ba zai yi ba."

"Rukuni ne, Yaya. Ba iri ɗaya ba ne."

"Na ce maka ban sani ba ne?"

Ya saukar da hannun rigar ya ɓalla maɓallin.

Jini dai an samu. Na Auta ya dace. Dakta ta ji labari, ta cika motar cibiyar da ɗalibai da masu wankin kwalabe, aka samu mutum huɗu, har da ita kanta. Duk bayan mako uku a ƙara wa Malama leda biyu, ta yi kwana goma tana hira tana tsokanar masu jinya, sannan ta sake yin fari. Daga baya mako ukun ya koma biyu. Mai-sauro yakan tashi aiki da ƙarfe huɗu ya wuce asibiti, ya zauna a gefen gadon yana kallon jinin na ɗiga a bututu. Ba da niyya ba yakan samu kansa yana ƙirgawa. Ɗigo ashirin a minti ɗaya, wani lokaci ashirin da biyu.

"Kana ƙirga ni kamar 'ya'yanka," in ji ta wata rana, idonta a rufe.

"Sabo ne."

"To nawa suka mutu yau?"

"Sha ɗaya cikin hamsin."

"Kai, ku ma kun daɗe kuna faɗuwa jarrabawar nan."

Wata bakwai aka yi. Ranar wata Talata da yamma ta ce tana son lemo. Ya fita bakin ƙofar asibiti ya sayo, ya zauna yana ɓarewa da farce. Yana tsakiyar ɓarewa ya ji numfashinta ya canja, sannan bai ƙara jin sa ba. Auta ta ƙwalla ƙara, masu jinya suka rugo, aka ja labule. Shi yana zaune. Ya ƙarasa ɓare lemon, tunda ya riga ya fara, ya ajiye a kan durowa. Wata mai jinya ta dafa kafaɗarsa ta ce ya yi haƙuri. Ya ce to.

Laraba aka binne ta. 'Ya'yansa maza suka iso, gida ya cika, ana kuka ana shiru ana sake kuka. Mai-sauro ya zauna inda aka ce ya zauna, ya miƙa hannu ga duk wanda ya miƙo, ya amsa addu'a. Yana jiran abin da ya ga yana zuwa wa kowa ya zo masa, bai zo ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne ɗaya daga cikin kujerun da aka aro ƙafarta ta tsage, yana ta tunanin kada mai nauyi ya zauna a kai.

Alhamis da ƙarfe bakwai ya sa takalmi.

"Baba, ina za ka?" in ji Auta. "Mutane na nan tafe gaisuwa."

"Yau Alhamis."

"Bar shi," in ji Yaya daga cikin ɗaki. "Bar shi ya je wurin danginsa."

Dakta ta same shi a duhu, hannu cikin keji na biyu. Ta rufe ƙofar bayanta ta tsaya.

"Baba, me ya kawo ka? Na ce ɗalibai su gwada."

"Ba za su sha a hannunsu ba, Dakta. In suka tsallake yau, babu ƙwai ranar Lahadi. In babu ƙwai, gwajinki na wata mai zuwa ya tashi."

"Ya tashi mana."

"Saura minti tara."

Ba ta fita ba. Ta jingina da ƙofa har ya gama keji na huɗu, ya kunna fitila, ya rubuta a littafi.

Bayan mako biyu gidan ya watse, ya rage shi kaɗai. Auta tana aiko da abinci, yana ci, in an tambaye shi me ya ci sai ya yi tunani. Littattafan yaran da Malama ba ta gama dubawa ba suna nan a kan tebur, guda talatin da huɗu, sai da shugaban makarantar ya aiko aka karɓa. Yana kwanciya ya yi barci. Yana tashi ya tafi aiki. Abokan aiki suka ce wallahi Mai-sauro akwai tawakkali, shi kuwa ya san ba wannan ba ne, amma bai san sunan abin ba, sai ya bar su a haka.

Wata biyu bayan rasuwar, ranar wata Alhamis, ya shiga wanka ya tarar gwangwaninsa ba komai. Shekara ashirin da ɗaya bai taɓa sayen sabulun nan da kansa ba, bai ma san shagon da ake sayarwa ba. Ya miƙa hannu kan dakalin taga ya ɗauki koren, wanda ya bushe har ya tsattsage. Ya yi wanka ya tafi.

Ƙarfe tara ya kashe fitila ya zura hannu. Shiru. Ya saba jin 'yar iskar nan cikin daƙiƙa kaɗan, yau babu. Ya kunna 'yar tocila ya haska. Sauron suna nan lafe a jikin raga, ko ɗaya bai motsa ba. A ɗumin ɗakin ƙamshin lemon tsami ya tashi daga fatarsa ya cika wurin, irin ƙamshin da ke biyo ta in ta fito wanka tana neman ɗankwalinta, tana cewa za ta makara. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya tsaya. Ya zauna yana jiransa. Abin ya daɗe a wurin, sannan ya koma.

Ya cika minti goma sha biyar ɗin duk da haka. Ya yi wa keji na biyu, da na uku, da na huɗu. A littafi ya rubuta: ba su sha ba.

Dakta ta ga rubutun da rana ta sauko. "Lafiya, Baba? Ciwo ya shige su?"

"Sabulu ne."

Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ta shaƙi iskar ɗakin, ta fasa. Kafin a tashi aiki ta sa an kawo masa farin sabulu sanda uku daga sito. Washegari sauron suka sha har cikinsu ya yi ja. Ragowar koren kuwa ranar Asabar kawai yake wanka da shi, har ya zama kamar ɓawon ƙwai, har ya ƙare. Bai sayi wani ba.

Ƙyalle mai lamba talatin da ɗaya ne ya yi. Bayan wanki ashirin, aka kifa masa sauron waje hamsin, washegari arba'in da takwas suna kwance a gindin kofi. Mai-sauro ne ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya faɗa. Ɗalibai suka yi ihu har mai gadi ya leƙo. Dakta ta zauna a ƙasa daɓas, da farar rigar aikinta, ta rufe fuska da hannu biyu. Shi yana tsaye da kofunan a tire.

"Dakta, in wanke su ko za ki ɗauki hoto?"

Aka maimaita gwajin sau shida, bai canja ba. Da aka buga sakamakon ta kawo masa takardar, ta nuna masa wani layi can ƙasa inda aka gode masa. Ta ce da sauran tafiya, sai an rataya gidan sauron a gidajen mutane shekara biyu ko uku an gani. Ya ce madalla, Allah ya sa a dace.

A shekararsa ta ƙarshe hukumar cibiyar ta hana ciyar da sauro da hannun mutum. Aka kawo na'ura mai 'yan kofuna, tana ɗumama jini daidai zafin jiki, an rufe bakin kowane kofi da wata leda siririya kamar fatar albasa. Sauron suka ƙi. Mako uku ana kifa musu, ba wanda ya kula, ƙwai ya ragu har Dakta ta daina cin abincin rana. Mai-sauro ya ce a ba shi ledar. Ya naɗa ta a hannunsa na hagu tun safe, ya saukar da riga a kai, ya yi aikinsa yana gumi. Ƙarfe tara ya warware ta ya shimfiɗa a bakin kofi. Suka sauka. Haka ya yi wata biyu. 'Ya'yan sauron suka sha da ɗan lallashi, jikokinsu kuwa ba su nemi warin kowa ba. Ya koya wa wata ɗaliba yawan garin kifi da yadda ake gane ruwan da ya fara ruɓewa, ta rubuta komai a waya. Ranar da ya cika shekarun aiki aka taru a baranda, aka yi jawabi, aka ba shi agogon bango. Ya ce ya gode, ya miƙa makullin ƙofa biyun.

Auta ta ce ba zai zauna shi kaɗai ba. Yaya ta goyi bayanta, ta ce in an bar shi zai bushe a kujera ba wanda ya sani. Ya koma gidan Auta, ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mijinta yana da shagon kayan famfo a bakin titi, kuma da yake zaman gida bai karɓi tsohon ba, sai ya fara bin sa. Akwai wani babban bokiti a bayan shagon da aka shekara ana watsa ƙananan kaya a ciki, noti da kusoshi da robobin kan famfo, duk a cakuɗe. Ba wanda ya sa shi. Ya jawo bokitin, ya jera gwangwanaye, ya fara warewa. Wata guda ya ɗauka.

Yanzu can yake wuni, a kan benci, bayan kanta. Ba ya yawan magana. Jikarsa in ta dawo makaranta takan hau cinyarsa ta karanta masa abin da aka koya musu, ya ce da kyau. Auta ta ce sau ɗaya ta ji dariyarsa a bana, ranar da akuyar maƙwabta ta shiga shagon ta fito da tiyo a wuya.

Kwanan baya wani mai gyaran famfo ya zo neman roba 'yar ƙarama, ta tsohon kan famfo da aka daina yi. Surukin ya ce babu. Tsohon ya miƙa hannu cikin gwangwani na bakwai, bai ko duba ba, ya ɗauko ya ajiye a kan kanta. Mutumin ya gwada, ta zauna daidai.

"Kai, Baba, da can ma aikin famfo ka yi?"

"A'a. Kiwo na yi."

"Shanu?"

"Ƙanana."

"Awaki ke nan."

"Ƙanana dai."

Mai gyaran ya yi dariya ya ce tsofaffi ba sa faɗin dukiyarsu, ya ɗauki robarsa ya hau babur. Surukin ya ce rana ta yi, a sauke rumfa. Tsohon ya tashi ya kama ɗaya gefen.